Ranar da Makaranta Ta Ke Neman Ɗalibi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna bayanin wata al'ada ta jami'o'in Amurka, wadda na ga ta cancanci a yi tunani a kanta.

A can yaro ya kan nemi shiga makarantu da yawa a lokaci guda. Wajen ƙarshen watan Maris amsa ta ke fitowa, har ya yiwu uku ko huɗu su karɓe shi. Sa'an nan a ba shi wa'adi, galibi zuwa 1 ga Mayu, ya zaɓi ɗaya. To, a cikin wannan wata guda al'amari ya kan juya. Jiya yaro ne ya ke tsugune a ƙofar makaranta, yau makaranta ce ta ke lallashinsa kamar mai neman aure. Dalili kuwa a fili ya ke: ta riga ta ƙidaya gadajen kwana da kujerun aji, idan waɗanda ta karɓa suka guje mata, ga hasarar kuɗi ga zubewar girma.

Saboda haka kowace ta kan sa rana a watan Afrilu ta gayyaci yaran da ta karɓa. Ta Yale ana ce da ita Bulldog Days, kwana uku a ke yi, ƙungiyoyin ɗalibai su baje kolinsu kamar ranar kasuwa, mawaƙa su rera, kowa na jan baƙo wajensa. MIT tana kiran tata Campus Preview Weekend, daga Alhamis har Lahadi, da ɗaruruwan shagulgula waɗanda yawancinsu ɗalibai ne da kansu su ke shiryawa, ba dare ba rana. Wanda ya je can lalle ba zai ƙoshi da barci ba. Harvard, wadda ta girme su duka, tun da a 1636 aka kafa ta, tata ana ce mata Visitas, a 2024 da 2025 kwana biyu kurum ta yi. Stanford ma tana da tata a Kalifoniya. A yawancinsu baƙo ya kan kwana a ɗakin wani ɗalibi, sau da yawa a ƙasa bisa shimfiɗa, ya ci abinci tare da su, ya leƙa aji ya ji karatu.

Ban raina wannan ba, gama gani ya kori ji. Yaron da zai yi shekara huɗu a wuri ya kamata ya ga mutanen da zai zauna da su. Amma fa a lura, gidan da a ke tsammanin baƙi share shi a ke yi. Afrilu kuwa lokacin da sanyi ya ke ja da baya ne, itatuwa suna toho. Baƙo ba zai ga ƙanƙarar Janairu ta jihar Massachusetts ba, ba kuma zai ga idon ɗalibai a makon jarrabawa ba. Waɗanda a ke haɗa shi da su kuwa masu son makarantar ne suka ba da kansu don karɓar baƙi. Wanda zama ya gundure shi yana can ɗaki ya rufe ƙofa.

Shin ziyarar tana sauya ra'ayi ƙwarai? Makarantu sukan ce waɗanda suka zo sun fi waɗanda ba su zo ba amincewa. Ni a ganina wannan hujja gurguwa ce, domin wanda ya ɗauki wahalar tafiya dā ma zuciyarsa ta karkata. Ga abin da ya ƙara mini ƙarfi. A Afrilun 2013, bayan bama-baman da aka tayar wajen gasar gudu a Boston, an rufe gari ana neman wanda ya yi, Harvard ta soke Visitas ɗungum. Duk da haka sama da 80 cikin 100 na waɗanda ta karɓa suka amince, ba su kasa na shekarar da ta gabata ba. Ashe sunan ne ya ke ja. Inda ziyara ta ke da nauyi shi ne wajen yaron da manya biyu suka karɓa ya rasa ta ɗauka, da kuma ƙananan makarantu, waɗanda da yawansu ko ɗaya cikin uku ba su samu. Su kam wannan rana ita ce damunarsu.

Sai maganar kuɗi, wadda na ke zaton ta fi kiɗa da waƙa ƙarfi a gidaje da yawa. Kuɗin shekara guda a irin waɗannan manyan makarantu, da kwana da abinci, ya wuce dala 80,000. A Nuwamban 2024 MIT ta sanar da ɗauke kuɗin karatu ga yawancin iyalan da samunsu bai kai dala 200,000 a shekara ba, Harvard ta bi sahu a Maris na 2025. Uba mai hankali, yayin da ɗansa ya ke kallon wasa, shi yana ofishin tallafi da takardar kuɗi a hannu, yana tambaya nawa ne kyauta, nawa ne bashi, kuma ko abin da aka ba shi bana za a ba shi baɗi.

Ita kanta ziyarar ba kowa ke iya ta ba. Makarantu masu wadata sukan biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin hanya, amma ɗalibin da ke wata ƙasa, ga nisa ga neman biza, sau da yawa sai dai ya kalla ta intanet, kamar yadda kowa ya yi a 2020 lokacin annobar korona. Irin wannan yaro ina ba shi shawara ya nemi ɗaliban da suka shekara biyu a wurin, ba ta hannun ofishin karɓar ɗalibai ba, ya tambaye su mutum nawa ne a ajin shekarar farko, da wanda ya ke koyar da su, babban malami ne ko mataimakinsa.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu