Ganga guda a cikin hamada: ƙarfi da raunin kashi na 60 na Breaking Bad

Ɗalibanmu da dama suna da shirin nan na Amurka mai suna Breaking Bad a cikin wayoyinsu, kuma idan suna hirarsa da wuya su tashi ba su ambaci kashin da ake kira "Ozymandias" ba. Shi ne kashi na 14 a zango na 5, kuma na 60 daga cikin kashi 62 da shirin ya ƙunsa. Tashar AMC ta fara nuna shi ranar 15 ga Satumba, 2013. Moira Walley-Beckett ce ta rubuta shi, Rian Johnson ya ba da umarni, kuma a shekarar 2014 marubuciyar ta karɓi lambar yabo ta Emmy a kansa. Tun da abin ya riga ya shiga gidajenmu, mun ga ya fi dacewa mu zauna mu kalle shi da idon basira, mu faɗi inda ya yi daidai da inda ya kasa. Wanda bai kai ga wannan kashi ba, to ya sani za mu buɗe labarin duka.

Walter White malamin ilimin sinadarai ne a wata sakandare ta birnin Albuquerque da ke jihar New Mexico. Yana da shekara 50 likita ya gaya masa yana ɗauke da ciwon dajin huhu. Sai ya haɗa kai da wani tsohon ɗalibinsa, Jesse Pinkman, suka shiga dafa muguwar ƙwayar nan metamfetamin, bisa hujjar yana so ya bar wa iyalinsa abin da za su rayu da shi bayan ransa. A farkon zango na 2 ya yi lissafin cewa dala 737,000 za ta wadatar da su. Zuwa kashin da muke magana a kai, abin da ya binne a hamada ya kai dala miliyan 80. Kada kuma a manta cewa tun a zango na 1 wasu tsofaffin abokan aikinsa masu hali sun yi masa tayin biyan kuɗin maganinsa, girman kai ya hana shi karɓa.

Kashin ya buɗe ne da waiwaye. An mayar da mu ranar da Walter ya fara dafa ƙwayar, a wani fili da ake kira To'hajiilee. Muna ganinsa ya koma gefe yana bitar ƙaryar da zai yi wa matarsa Skyler, yana gyara kalmominta kamar ɗalibin da ke tilawa, sannan ya buga mata waya ya ce aiki ne ya riƙe shi. Tana da juna biyu, suna ta raha kan sunan da za su raɗa wa jaririyar. Daga nan sai hotonsa ya dushe, na Jesse ya dushe, motar da suke aiki a ciki ta ɓace, filin ya rage wayam. Da hoto ya dawo, filin nan ne dai, amma yanzu akwai gawar jami'i Steve Gomez a kwance, ga kuma Hank Schrader da harbi a ƙafa. Hank jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ne, kuma mijin 'yar'uwar Skyler. A ganinmu nan ne mafi girman hikimar kashin. Ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba, an ajiye ƙaramar ƙarya ta farko kusa da jinin da ta haifa, a fili ɗaya, a ƙarƙashin rana ɗaya.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan nauyi. Walter, wanda shi ne tun farko ya kira gungun Jack Welker zuwa wurin, ya shiga roƙonsu da su bar Hank da rai, har ya tona asirin dukiyarsa ya ce su kwashe duka. Hank ya ƙi roƙo, ya nuna wa Walter cewa mutumin nan ya riga ya yanke hukunci tun ɗazu. Jack ya harbe shi. Walter ya kife a kan rairayi, bakinsa a buɗe, sauti ya ɗauke. Dukiyar da ya ce ya tara domin dangi ta kasa fansar ran mutum guda daga cikin dangin, kuma a kan idonsa aka tone gangunan kuɗin aka loda a mota, aka bar masa guda ɗaya. Masu shirin sun jinkirta rubuta sunayen 'yan wasa a kan allo har kusan minti 19 da farawa, don kada wani rubutu ya raba hankalin mai kallo da wannan wuri. Ƙaramin abu ne, amma yana nuna sun san darajar abin da ke hannunsu.

Kashin bai bar Walter ya fake da baƙin ciki ba. Yana miƙewa sai ya nuna wa 'yan ta'addar inda Jesse ya ɓuya a ƙarƙashin mota, sannan ya dube shi ya gaya masa cewa yana tsaye budurwarsa Jane ta mutu, kuma da ya so da ya cece ta. Babu wata riba da zai samu daga wannan magana face ya ɗora wa wani zafin da ya kasa ɗauka. Wanda ya san halin ɗan Adam ya san haka mai laifi yake yi idan laifinsa ya tsaya masa a gaba: ya nemi wanda ya fi shi rauni ya sauke a kansa.

Sunan kashin an aro shi ne daga wata waƙar Ingilishi ta Percy Shelley da aka buga a 1818, a kan gunkin wani sarki da ya karye ya zube a hamada. Ozymandias shi ne sunan da Girkawa suke kiran Ramsis na Biyu, ɗaya daga cikin Fir'aunonin Masar. Ma'anar ta fito sarai lokacin da mai ya ƙare wa Walter saboda harsashi ya huda tankin motarsa, muka gan shi shi kaɗai yana mirgina gangarsa cikin rana, har ya sayi tsohuwar a-kori-kura daga wani dattijo ɗan ƙabilar Navajo. A gida kuma, Skyler ta tambaye shi ina Hank, ya kasa amsawa. Ta ɗauki wuƙa ta yanke shi a hannu, suka kama kokawa, ɗansu ya shiga tsakani ya kare uwarsa, ya kira 'yan sanda ya kai ƙarar ubansa. Walter yana tsaye yana nanata cewa su iyali ɗaya ne, su kuwa suna maƙure a ƙasa suna kallonsa kamar ɓarawon da ya haura katanga.

Raunin farko a tsarin labarin yake. Jack, mutumin da ya kashe jami'i bai ko ƙifta ido ba, ya bar Walter da rai har da kyautar kusan dala miliyan 11, wai don ɗan ɗan'uwansa Todd yana ganin girmansa. Wannan uzuri bai gamsar da mu ba. An bar Walter ne saboda akwai sauran kashi biyu da ake buƙatarsa a ciki. Gungun Jack ɗin ma ba a ba su wata fuska ba sai ta zallar mugunta, kuma duk wanda aka tsayar kusa da irinsu sai ya yi kama da mutumin kirki.

Daga nan rauni na biyu ya taso, shi ne kuma ya fi damunmu. Bayan Walter ya gudu da jaririyarsa Holly, ya ji tana kiran uwarta, sai ya buga wa Skyler waya, yana sane 'yan sanda suna saurare. Ya zazzage ta, ya yi iƙirarin cewa shi kaɗai ya gina komai, hawaye na zuba a fuskarsa, domin ya wanke ta daga tuhuma. Bryan Cranston ya yi wasan da ba a mantawa a nan. Amma ku lura da abin da aka yi wa zuciyar mai kallo: mutumin da ɗazu ya miƙa Jesse ga masu azabtarwa, har suka ɗaure shi da sarƙa yana dafa musu ƙwaya, shi ne yanzu ake so mu tausaya wa. Wannan ba zargi ne da muka ƙirƙira ba. A watan Agusta na 2013 Anna Gunn, wadda ta fito a matsayin Skyler, ta yi rubutu a jaridar New York Times kan irin ƙiyayyar da wasu masu kallo suke nuna wa Skyler, alhali suna yi wa mijinta uzuri. Mun ji irin wannan a bakin wasu samarinmu, suna cewa matar ce ta ɓata wa gwarzo shiri.

Sannan duk asarar da kashin ya lissafa ta gidan Walter ce da makusantansa. Mutanen da suka sha abin da ya dafa, iyayensu da 'ya'yansu, ko ɗaya bai bayyana a cikin wannan kashi ba. Dala miliyan 80 kuwa daga aljihunsu ta fito. Abin bai yi mana nisa ba, domin a 2016 hukumar NDLEA ta bankaɗo wata babbar masana'antar wannan ƙwaya a Asaba, ta kama har da 'yan ƙasar Meziko.

Ga iyaye, ya kamata a sani cewa kashin yana ɗauke da kisa a fili, da zagi, da faɗan miji da mata da wuƙa a gaban 'ya'ya, saboda haka ba na yara ba ne. Wanda kuma bai bi shirin daga farko ba, rabin nauyinsa zai wuce shi. Walter bai furta da bakinsa cewa don kansa ya yi komai ba sai a kashin ƙarshe, wanda aka nuna makonni biyu bayan wannan. A nan dai ya ajiye Holly a ofishin 'yan kwana-kwana, washegari ya tsaya a bakin titi da jakunkunansa da gangarsa, ya shiga motar mutumin da ke sauya wa masu gudun hukuma suna. Motar na tafiya, wani kare ya tsallaka titin.