Sauya Igiyar Ɗaga Garma a Taraktar Lambu

Taraktar lambu ƙaramar tarakta ce da ta yaɗu a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jama'a suka riƙa barin tsakiyar birane suna gina gidaje masu fili a bayan gari. Elmer Pond ya fara ƙera irinta a garin South Bend na jihar Indiyana a 1946, kuma daga aikinsa ne kamfanin Wheel Horse ya samo asali, sannan John Deere ya fito da samfurinsa mai lamba 110 a 1963. Abin da ya raba ta da injin yankan ciyawa shi ne tana jan garma da injin kaftu, kuma duk abin da aka ɗaura mata dole ne a iya ɗaga shi daga ƙasa idan an kai ƙarshen kunya ko za a hau hanya.

A yawancin tsofaffin samfuran Wheel Horse, liba ce a gefen direba take juya wani sandan ƙarfe mai gajeren hannu, daga hannun kuma igiyar ƙarfe ta shiga wani bututu da ya ratsa ƙarƙashin kujera ta saman giyabos, ta ɓulla a baya inda ake maƙala garma. A wasu taraktocin igiyar tana bi ta kan kura, wato ƙaramin gargare mai kwari a gefensa, domin ta ɗaga akwatin wuƙaƙen yankan ciyawa. Igiya tana ja ne kawai, ba ta turawa, nauyin garmar ne ke saukar da ita, shi ya sa idan ta tsinke sai liba ta saki a hannun direba, garma kuma ta kife a ƙasa.

Igiyar ƙarfe, wadda injiniyan ma'adinai Bajamushe Wilhelm Albert ya ƙirƙiro a shekarun 1830, siraran wayoyi ne da aka murɗa suka zama tufka, aka kuma murɗa tufkoki da yawa wuri ɗaya. Wadda ake kira 7x19 tana da tufka bakwai, kowace da waya goma sha tara, jimilla 133, kuma ta fi 7x7 mai waya 49 laushi da jure lanƙwasa. Sabuwar 7x19 mai kaurin milimita uku da ɗoriya ba ta tsinkewa sai an ɗora mata kusan kilo 900, nauyin da ya ninka na kowace garmar lambu sau da yawa. Ke nan da wuya a ce nauyi ne ya tsinka igiyar. Wani abu ne ya daɗe yana cin ta waya bayan waya, kuma wanda ya saka sabuwa bai gano wannan abin ba zai sake aikin nan ba da daɗewa ba.

Saboda haka tsohuwar igiya ba abin jefarwa ba ce nan take, domin wurin da ta tsinke yana faɗin dalili. Idan a gindin maƙalin da ke bakinta ne, kuma bakunan wayoyin sun karye a daidaice kamar an yanke su, to gajiyar ƙarfe ce, wato karyewar da lanƙwasa da miƙewa a wuri ɗaya sau dubbai take jawowa, irin wadda masu babur suka sani a wayar kulochi, da kusan kullum take yankewa daf da hannu. Idan wayoyin sun suɗe sun yi ƙyalli ta gefe ɗaya, gogayya ce: ko bakin bututun ya zaizaye ya yi kaifi, ko kura ta cije ta daina juyawa, igiya tana ta gurzar ta. Idan kuwa tsakiyar ta fito ja tana marmashewa, ruwa ne ya kwanta cikin bututun, tsatsa ta ci ta daga ciki alhali bakunanta da ido ke gani suna nan lafiya lau. Akwai kuma murɗewa, wadda ko an miƙe ta da guduma wurin ba ya komawa yadda yake.

Sauyawar kanta ba ta da wuya. Ana kashe injin, a zare wayar fulogi, a tokare tayoyi, a kuma sauke garma ta zauna a ƙasa ko a kan katako, sannan a lura ko akwai sifirin mai taimaka wa liba, domin idan a miƙe yake yana iya fizgewa ya ji wa mutum ciwo. Da safar hannu ake taɓa tsinkakkiyar igiya, saboda bakunan wayoyin sun fi allura tsini. Bayan an cire fil-fil ɗin da ke riƙe da bakunan biyu, ana jera gutsattsarin a ƙasa a auna tsawon daga ramin fil zuwa ramin fil, a wanke cikin bututun, a goge bakinsa da magagari idan ya yi kaifi, a tabbatar kura tana juyawa da yatsa ɗaya, sannan a shafa wa sabuwar mai a zura ta.

Wahalar tana zuwa ne idan ba a samu igiyar kamfani ba, abin da yake yawan faruwa da tsohon inji, sai bakanike ya haɗa tasa. Kafin a yanka ana naɗe wurin da salatif don kada tufkar ta warware, a cikin lanƙwasar baki kuma ana saka wani ɗan ƙarfe mai kwari da ke hana fil cin wayoyin. Mafi ƙarfi shi ne a matse bakin da zoben ƙarfe ta amfani da na'urar matsewa. Idan ƙananan maɗaurai masu noti za a saka, to kada su gaza biyu, kuma gindinsu mai faɗi ya hau kan ɓangaren da ke ɗaukar nauyi, lanƙwasasshen ƙarfen kuma ya hau kan jelar da aka juyo. In aka juya su, maɗaurin da kansa yake murƙushe igiyar. Walda kuwa, duk da ita ce ke fara zuwa wa mutane a rai, ba ta da wuri a nan, domin zafi yana kashe ƙarfin siraran wayoyin, igiyar ta zo ta karye daf da inda aka ƙona. Ƙulli ma haka, yana rage ƙarfinta ƙwarai.

Tsawon yana daidai ne idan garma tana ƙasa igiyar ta ɗan yi sako-sako, yadda garmar za ta bi tudu da kwarin gona ba tare da ta rataya a jikinta ba, idan an ja liba har ƙarshe kuma ta tashi sosai ba ta bugi jikin tarakta ba. Sabuwar igiya takan ɗan miƙe a aikin farko, kaurinta ya ragu kaɗan a ƙarƙashin maɗaurai, don haka ana sake ɗaure notunan bayan an ɗaga garma an sauke wasu 'yan lokuta.