Yaya ake auna yaɗuwar sabon tsarin lambobin intanet?

Wasiƙa ba ta isa hannun mai ita sai da adireshi. Haka abin yake ga intanet: kowace na'ura, kwamfuta ce ko wayar hannu, da lamba ake gane inda take. Tsarin da aka shimfiɗa a shekara ta 1981, mai suna IPv4, yana da lambobi wajen miliyar 4 da miliyan 300. A wancan zamani an ɗauka rumbu ne wanda ba ya ƙarewa. Sai ga shi ran 3 ga watan Fabrairu 2011 hukumar IANA, mai riƙon babban rumbun, ta raba ragowar ga hukumomin yankuna biyar na duniya. Ta Afirka, wato AFRINIC, wadda ke ba kamfanonin Nijar lambobi, ta shiga tsimin nata kason a 2017.

Masana sun hango wannan ƙaranci da wuri, suka fito da sabon tsari, IPv6, a 1995. Yawan lambobinsa shi ne 340 da sifiri 36 a baya. Amma tsoho da sabo ba su jin harshen juna kai tsaye, don haka dole kamfanin sadarwa ya riƙe su duka biyu na tsawon shekaru. Shi ya sa ake bukatar awo, don a san inda ƙaura ta kai.

Awo na farko shi ne duba rajista, a ƙirga kamfanonin da suka karɓi sababbin lambobi. Wannan mudu bai cika ba, gama karɓar iri daban, shuka daban. Kamfani yana iya karɓa ya ajiye.

Awo na biyu yana bin masu amfani da kansu. Tun 2008 kamfanin Google yake gwada wani kaso na masu ziyartarsa, ya ga ko na'urarsu tana iya isowa ta sabuwar hanya. A 2012 adadin ya kai 1 cikin 100, a farkon 2016 ya kai 10, a 2022 ya taɓa 40. Hukumar APNIC ta yankin Asiya ita ma tana yin irin wannan gwaji, tana ɓoye shi cikin tallace-tallace. An lura adadin yakan hau ran Asabar da Lahadi, ya sauka ranakun aiki, domin gidaje da wayoyin hannu sun riga ofisoshi karɓar sabon tsari. Wannan mudu ma yana da giɓi: ƙasar Sin, inda aka toshe Google, ba ta fita daidai cikin lissafinsa.

Jama'a masu karatu, zancen ya shafi aljihu. Inda tsofaffin lambobi suka yi wuya, sayensu ake da tsada, ko a cusa mutane da yawa bayan lamba guda. In ɗaya ya yi laifi aka toshe ta, sauran su sha. A Faransa hukumar ARCEP tana bayyana matsayin kowane kamfani shekara-shekara. Saboda haka ya kamata ma'aikatan da ke sa ido kan sadarwa su tambayi kamfani wannan: cikin masu biyansa kuɗi 100, nawa ne sabuwar lamba ta isa hannunsu?