Maiƙo a Abincin Ragon Turke

In Layya ta matso, masu turke sukan duƙufa wajen ciyar da raguna. Da yawa suna zaton maiƙo kitse kaɗai yake sa wa dabba. Ba haka abin yake ba, tsoka ma da rabonta a ciki.

In an duba tsoka da madubin likita, za a tarar da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa jibge a cikinta, masana suna ce musu mitokondiriya. Aikinsu kamar na murhu ne, su ke ƙona abinci da iskar numfashi su ba tsoka ƙarfi. To, bangon waɗannan murahu da maiƙo ake gina shi, musamman wani iri da ake kira linoleyik, wanda jikin dabba ba ya iya yinsa, sai dai a ci shi. George Burr da matarsa Mildred su suka gano haka a Amurka. A 1929 suka hana ɓeraye maiƙo ƙaf, sai girmansu ya tsaya, fatarsu ta yi kirci. A 1930 suka nuna linoleyik ne ke warkar da su.

Wannan maiƙo akwai shi cikin gyaɗa da riɗi da waken soya da angurya. Tunkuza kuwa ta haɗa biyu, ga ragowar mai, ga abin gina tsoka.

Amma fa a nan ne masu zumuɗi ke yin hasara. Rago mai tuƙa ne, ƙwayoyin da ke cikin tumbinsa su ke narkar masa da harawa. In maiƙo ya wuce kamar kashi 6 cikin 100 na busasshen abincinsa, sai ƙwayoyin nan su raunana, rago ya rage ci, kuɗin harawa ya tafi a banza. Angurya kuwa kusan kashi 20 cikin 100 nata mai ne, don haka ba a cika wa dabba kwarya da ita, barbaɗawa ake yi a kan dusa. 'Yan raguna masu shan nono da kaji kada a ba su, akwai dafi cikinta da ba su iya jurewa.

'Yan kasuwa kuma su lura. Tunkuzar da ta daɗe a zafi har warinta ya sauya, manta ya lalace, yana cinye bitamin E mai kare tsoka. Mai saye ya gutsura ya sansana tun bai biya ba.