Rajistar Windows: inda kwamfuta ke ajiye harshen da take rubutu da shi

A Maiwurno, garin Hausawa da Fulani da ke bakin kogin Bulu Nayil kusa da Sinnar, karatun makaranta da Larabci ake yin sa. Mai son rubuta wa dangi a Kano ko Maraɗi da Hausar boko kuwa yana bukatar ɓ, ɗ da ƙ. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar duka, kuma wurin da take tuna wannan zaɓi shi ne rajistar Windows.

Rajista babban kundi ne da Windows ke rubuta saitunansa a ciki: na'urorin da aka haɗa, manhajojin da aka girka, da abin da kowane mai amfani ya zaɓa. Kamfanin Microsoft ya fara ta a 1992 cikin Windows 3.1, sannan Windows 95 ya mai da ita wurin ajiye yawancin saituna. Kafin nan kowace manhaja na da ɗan fayil ɗinta.

Harsuna a cikinta lambobi ne. A reshen Keyboard Layout\Preload, 00000401 na nufin madannan Larabci, 0000040c na Faransanci, 00000468 kuma na Hausa. Shi ya sa kwamfutar da aka saita a Nijar kan fitar da A idan aka danna inda Q yake a tsarin Turanci. Ba lalacewa ta yi ba. Kowane mai amfani yana da nasa fayil, NTUSER.DAT, don haka 'yan gida ɗaya na iya raba kwamfuta ba tare da wani ya ɓata wa wani saiti ba.

Tara komai a wuri ɗaya yana da tsada. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, mutanen Jazira da dama sun bar gidajensu. Wanda ya kwafe babban fayil ɗin manhaja a filasha yana zaton ya tsira da ita, sau da yawa sai ta ƙi buɗewa a wata kwamfutar, saboda saitunanta, wani lokaci har lasisinta, sun zauna a rajistar tsohuwar. Takardu da hotuna su ne abin kwafa. Manhaja a sake girka ta.

Ƙwayoyin cuta ma kan rubuta sunansu a reshen Run don su tashi duk lokacin da aka kunna na'ura. Duk da haka, bai kamata a shiga regedit ana goge-goge ba: gyara a nan yana kama aiki ba tare da tambaya ba, kuskure ɗaya na iya hana Windows tashi. Sauya harshe dai daga shafin saituna ake yi, Windows da kansa zai rubuta lambar.