Abin da ya sa rilen famfon mai ke yawan ƙonewa a tsofaffin motoci

Direban da ke jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da tsohuwar Golf 3 ya san wannan matsala: mota na cikin tafiya sai ta mutu, a yi ta murza makulli, injin na juyawa amma ya ƙi tashi. Mai wayarin ya zo ya sauya rile, mota ta tashi, bayan mako biyu kuma a koma gidan jiya.

Rile ɗan ƙaramin makunni ne da ke karɓar umarni daga kwamfutar mota, ya buɗe wa famfon mai hanyar wuta daga batir. A Golf 3 mai fetur galibi shi ne mai lamba 167. Idan aka murza makulli, a yawancin motoci za a ji famfon ya yi ɗan gurnani na kusan daƙiƙa biyu daga wajen tanki. In ba a ji ba, a fara duba fis, sannan rilen.

To amma rilen da ya ƙone sau biyu ko uku a jere, da wuya laifin ya zama nasa. Mafi yawan lokuta famfon ne ya gaji. Famfon yana cikin tanki, man da ya nutse a ciki ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, masu mota da yawa, har da ma'aikatan gwamnati, sun koma sayen lita kaɗan-kaɗan, tanki kullum a ƙasa. Famfon da ke aiki a haka zafi yake yi. Idan aka haɗa da dattin man galan na wasu ’yan bumburutu, sai filta ta toshe, famfon ya riƙa jan wutar da ta wuce ƙima, bakin rilen kuma ya ƙone. Mai wayarin da ya san aikinsa zai sa mita ya auna wutar da famfon ke ja kafin ya ce a sayo sabon rile. Wanda bai auna ba, canke yake yi da kuɗinka.

Abu na biyu shi ne soket ɗin da rilen ke zama. Shekaru da girgizar hanya suna sa haƙoransa su saki ko su yi tsatsa, kuma duk inda wuta ba ta kama sosai ba, nan zafi ke taruwa. Idan robar wurin ta narke ko ta yi baƙi, sabon rile ma ba zai daɗe ba sai an gyara soket ɗin. A duba altaneta kuma: injin na aiki, bai kamata batir ya wuce kusan bolt 14.5 ba.

Masu tsohuwar Honda Accord tasu ta ɗan bambanta. Dalmar cikin babban rilen ce ke tsagewa, shi ya sa motar kan ƙi tashi idan ta sha rana, musamman a zafin Afrilu, ta tashi da ta huce. Sake narka dalmar kan magance shi.

Akwai dabarar da ake yi a bakin hanya, wato a cire rilen a haɗa ƙafa ta 30 da ta 87 da guntuwar waya. Motar za ta tashi, kuma ya isa ta kai ka gareji a Birnin Kudu. Sai dai kada a bar ta a haka, domin famfon ba zai tsaya ba ko injin ya mutu. In aka yi hatsari bututu ya fashe, zai ci gaba da feso fetur.