Takalmi Sau-ciki Na Turawa: Daga Kara Yake Farawa

Jama'a, da yawa cikinmu mun ɗauki fatar sa abin banza, ko dai a bar wa mahauta kyauta ko a sayar wa masu ganda. Alhali kuwa a Ingila akwai garin da ake kira Northampton, wanda ya yi suna a duniya saboda ɗinkin takalman maza. Kamfanin Tricker's ya fara aiki can tun 1829, Church's a 1873, Crockett & Jones kuma a 1879.

Takalman nan iri-iri ne. Akwai Oxford, wanda bakin igiyarsa a haɗe yake daga ƙasa, shi ake sawa ranar taro. Akwai Derby mai buɗaɗɗen baki, ya fi dacewa da mai tudun ƙafa. Sai Brogue mai adon huji-huji, asalinsa na mutanen karkarar Ailan da Sikotland ne.

Sirrin ƙarkonsu yana wajen ɗinki. Ana ɗame fatar sama a kan ƙafar katako, a ɗinke ta da wani siririn tsirkiyar fata da ya kewaye takalmin, sannan a ɗinka tafin a jikin tsirkiyar. In tafi ya cinye sai a farke shi a sa sabo, sama tana nan lafiya lau. Shi ya sa mutum kan shekara ashirin da takalmi ɗaya.

To, ina ruwanmu? Fatar maraƙi ake yin sama da ita, tafi kuma da ƙirgin sa mai kauri. Kafin mai yanka ya sa wuƙa sai ya duba fatar ciki da bai. Tabon lalas, cizon kaska, karcen ƙaya, da yankan wuƙa wajen fiɗa, duk kewaye su yake yi ya zubar. Mafi kyawun fata kuwa tana gadon baya da ɗuwawu, daidai inda muka saba ɗora ƙarfen shaida.

Saboda haka ƴan'uwa, mai yin shaida ya sauko da ita can ƙasan ƙafa. A yaƙi kaska. Mahauta su yi fiɗa a hankali, a shanya fata a inuwa a ɗame, kada a shimfiɗa ta ƙasa cikin rana. Fata mai tsabta kuɗi ce, kuma tun dabba na garke ake gyara ta. Allah Ya ba mu sa'ar kasuwa, amin.